Masakwar Ɗan Goggona

Gonar da ta fi kowace gona albarka a fadamarmu yau, ubana ne ya ba da ita da hannunsa, yana dariya. Ina wurin. Ban fi tsayin taɓarya ba a lokacin, amma na ji dariyar, har ni ma na taya shi.

Da kakanmu ya rasu aka zo rabon gona. Magada biyu ne, ubana da ƙanwarsa, wato goggona. Malamai suka faɗi kason kowa, wannan ba gardama. Abin da ya rage shi ne wa zai ɗauki ina. Ubana ya ɗauki gaɓar kogi, ƙasa mai laushi, ga tudu, ga ruwa kusa. Aka tura wa goggo wani kwari can ƙasa, baƙar laka, wanda da damina tafki ne, da rani kuma ya tsattsage har ƙafar jaki na faɗawa. Kwarin Kwaɗi muke ce masa, don ban da kwaɗi ba abin da yake haifarwa. Ubana ya ce mata, "Ki yi haƙuri, ai ke mijinki mutumin ruwa ne." Aka yi dariya, aka shafa fatiha.

Mijin nata Babarbare ne. Iyayensa daga bakin tafkin Chadi suka gangaro, shi kuma ya zauna Haɗeja yana fataucin kanwa da busasshen kifi. Mutum ne marar magana. Idan ruwa ya janye daga kwarin, sai ka gan shi a wata kusurwa da wani ƙaton sanda mai tsini, yana huda laka yana dasa dawa. Dasa dawa fa, kamar albasa! Mu nan dawa shuka ta ake yi da ruwan farko, a girbe da kaka. Shi kuwa sai an gama damina yake farawa. Masakwa yake kiranta. Yakan sami na kunu da na sadaka, mu kuma mu sami abin dariya.

Ɗansa ne maganar da nake son yi. Taubashina ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, don haka tun muna yara bawana nake ce masa, shi kuma ya ce mini ubangidana, kuma duk abin da muka faɗa wa juna ba mai shiga. Tare aka sa mu makarantar boko. Ni na tsaya a aji biyu na sakandare da ubana ya kwanta ciwo, aka ce wa zai riƙe gona. Shi ya gama tasa. Ya tafi Kano ya yi 'yan shekaru yana ɗinki, bai dawo da komai ba sai keken ɗinki da baki. Kada wani ya ɗauka labarin wani salihi nake bayarwa, mai sunkuyar da kai. Mutum ne mai cika baki, wanda in kazarsa ta yi ƙwai sai duk unguwa ta ji.

Na yi zamanina, wannan ko shi ba zai musa ba. Na sayi injin ban ruwa tun ana zuwa kallonsa. Damina in yi shinkafa, rani in yi alkama da tattasai. Manyan motoci na tsayawa a bakin titi saboda tattasaina. Ni na fara sayen babur a danginmu, kuma a bayan babur ɗin nan nake ɗaukar bawana in kai shi kasuwar Malam Madori, ina ce masa ya tattare rigarsa kada ta shafa mini talauci. Yana dariya. Ashe ajiyewa yake yi.

Sai ruwa ya sauya hali. Ba ni da karatun da zan ce ga dalili. A rediyo suna cewa sauyin yanayi, a majalisa wasu su ce daga can sama ake sako mana shi, wasu su ce kachala ce ta toshe hanyoyin kogi. Kachala dai na gan ta da idona, ciyawa ce da ta fi mutum tsayi, ta cinye duk inda muke kamun kifi muna yara. Abin da na sani shi ne, sama takan yi shiru har iri ya ƙone a ƙasa, sannan ta juye abin da ta riƙe gaba ɗaya. Kogi ya cika ya rasa hanya, sai ya hau gaɓa. Gaɓar da ubana ya zaɓa don ruwa bai taɓa hawanta ba. Kuma ba ya zuwa sai shinkafa ta ɗauki ciki. Ka gama huɗa, ka gama noma, ka zuba taki, sai ka wayi gari ka ga agwagin ruwa na iyo a kan guminka. In ya tashi janyewa kuma ya janye a makare, alkama ta wuce lokacinta, ga man inji ya yi tsadar da kafin ka ja igiya sai ka yi istigfari.

Kwarin Kwaɗi fa? Shi ambaliya ba baƙuwarsa ba ce, tun fil azal a ruwa yake kwana. Ruwa ya yi yawa, laka ta ƙara sha, shi ke nan. Da mijin goggo ya rasu, taubashina ya rufe keken ɗinki da zane, ya faɗaɗa kusurwar nan ta ubansa har ta cinye kwarin duka. Ruwan da ke kashe ni shi ke ciyar da shi. Wannan ne na kasa haɗiyewa, har yau.

Shekarar da ruwa ya fi yi mana ɓarna, ina tsaye a kan jinga, wato tudun ƙasar da muka tara don tare kogi, ruwa iya gwiwa, ina duban inda shinkafata take jiya. Sai ga shi a kwalekwale yana turawa da gora.

"Ranka ya daɗe, ubangidana mai tudu! Bana kifi aka shuka?"

"Wuce, bawan banza."

"Ai wucewa nake, na ce bari in gaida manya. Ko in kawo maka fatsa? Na ga gonar ta yi kyau."

Na ɗebi laka na jefe shi, ban same shi ba. Wasa ne, kowa ya san wasa ne, tsakanin taubasai ba a fushi. Da yamma ya zo da kansa ya yi mini jaje da fuskar mutunci, ya taya ni kwashe kaya daga ɗakin da ya jiƙe. Wannan ma haushi ya ƙara mini.

Da sanyi ya shigo, lokacin da rumbun kowa ya fara amsa murya, sai amalanken shanu suka fara wucewa ta ƙofar gidana. Hanya ɗaya ce daga kwarin zuwa gidansa, kuma ta gabana ta bi. Zangarniya fara tas, a dunƙule kamar hannun ɗan dambe. Ina zaune a dakali ina yi kamar ina gyaran rediyo. Rediyon lafiyarsa ƙalau.

Mai ɗakina mace ce da ba ta kawo ƙara. 'Yar masarar da na saya ta ƙare, na sani, don ni nake buɗe buhun. Ran nan bayan magariba ta ajiye mini kwano. Na buɗe, tuwo fari sol, laushi kamar na shinkafa. Loma ɗaya na gane. Masakwa tana da wani ɗan zaƙi a ƙarshen harshe wanda dawarmu ba ta da shi.

"Wannan fa?"

"Tuwo ne, Malam."

"Na ga tuwo ne. Daga ina?"

"Daga tukunya."

Yara suna tsakar gida suna ci har da lasar hannu. Na dubi kwanon, na dubi ƙofa. Na cinye, har na suɗe. Abin da ya fi yi mini ciwo, ya yi daɗi.

Duk wannan ranin ƙwaryarta ta san hanyar gidan goggo, inda shi ma yake zaune da iyalinsa. Ba ta faɗa mini, ba na tambaya. Shi ma, in ba shi haƙƙinsa, duk bakin nan nasa bai taɓa sako zancen a cikin wasa ba. Zai tsokane ni da hulata, da babur ɗina da ya tsufa, da sanƙona, amma ban da hatsi. Da ya sako da na sami inda zan kama shi. Shirun nan ya fi mini zagi.

Na ce ai ba tsafi ba ne. Abin da mai sayar da kanwa ya iya, ni da nake kwance inji in mayar da shi, zai gagare ni? Ambaliyar ta bar mini wani harshe na baƙar laka a ƙasan gonata, siriri, inda ruwa ke daɗewa. Na ƙudura zan yi masakwa a wurin, kuma ba zan tambayi kowa ba, balle shi.

Na je har wajen Birniwa na samo iri a hannun wani mutum da bai san ni ba. Da damina ta yi nisa na yafa shi a bayan gida a kan yashi, kamar yadda na ga suna yi, ya fito kore shar. Shinkafar wannan shekarar ma ruwa ya ci mafi yawanta, don haka duk raina yana kan dashen nan. Da lokacin dasawa ya yi na riƙa ratsawa ta bakin kwarinsa da sunan neman akuya. Awakina suna ɗaure a gida. Ina kallo ta wutsiyar ido: na gaba ya ɗaga sanda ya caka, na baya ya zuba ɗan ruwa a ramin ya sa dashe, su wuce. Ko rufe ramin ba sa yi. Na ce lalaci ne irin nasa.

Na sassaƙa sandana na yi nawa. Na bar ganyen da tsawonsa don na ga ya yi kyau, na rufe kowane rami na danne da ƙafa, aikin mai hankali. Kwana kaɗan dashen ya kwanta. Ya yi rawaya, ya yi laushi kamar tsumma. Ƙasa ta fara tsagewa a gindinsa, tsagar da yatsa ke shiga.

A fahimce ni. Ni mutumin inji ne. Rabin rayuwata, in na ga ganye ya sunkuya, igiya nake ja. Tattasai in ya yi haka da safe ba ka ba shi ruwa ba, da yamma sai dai ka yi wa kanka jaje. Ga inji a gefe, ga kogi cike, ga shuka tana mutuwa a gabana, ga yara a gida. Wane manomi ne zai naɗe hannu? Na haɗa dogon tiyo na malala wa wurin ruwa har ya kwanta. Bayan 'yan kwanaki na ƙara.

Dashen ya miƙe kuwa, ya yi kore, na fara tafiya ina buɗa kafaɗa. Sai ciyawa ta taso, irin tasowar da ban taɓa gani ba, duk irin da ambaliya ta kwanta da shi ya farka. Laka ta dame, fartanya ba ta shiga. Gindin dashen ya yi baƙi, in ka ja sai ya biyo hannunka, saiwarsa a sama-sama kamar gashin baki. Wanda bai ruɓe ba, tsutsa ta shige karansa.

Ina tsugune ina cirar gawa sai na ji sallama a bayana. Shi ne. Ya daɗe yana kallo. Ya dubi tiyo, ya dubi inji, ya dube ni. Na ga yana cije leɓe.

"Ubangidana, ruwa ka ba ta?"

"Gonarka ce?"

"A'a, tambaya nake. Ruwa ka ba masakwa? Da inji?"

"Mutuwa take yi."

Nan ya zauna daɓas a kan jinga ya riƙe ciki, har hularsa ta faɗi. "Wayyo Allah, Baba ka tashi ka gani! An yi wa masakwa wanka! Sabulu fa, ka sa mata?"

"Wallahi in ba ka tashi ba sai na kwaɗa maka sandan nan."

"Kwaɗa mini, ai shi ma ba daidai ka sassaƙa shi ba." Ya share hawaye da bakin riga. "Kwanciyar nan da ka gani ba mutuwa ba ce, ƙasa take nema. Ruwan yana can ciki, laka ta ɓoye shi tun damina. Sai ta ji ƙishi take zura saiwa ta bi shi. Kai kuwa ka kawo mata har baki, me za ta je nema? Da ka tambaye ni mana."

"In tambayi bawana?"

"To, ai ga shi ka tambayi inji."

A gida na tarar labari ya riga ni. Mai ɗakina ba ta yi dariya ba, da ma ta yi. Ta bari na gama cin abinci, abincin da na san inda ya fito, sannan ta zauna a bakin ƙofa.

"Malam, bana zan je, saboda yara. Amma baɗi ƙafata ba za ta taka gidan nan da ƙwarya ba. Matarsa ba ta taɓa ɓata mini fuska ba, har tabarma take shimfiɗa mini, ni kuwa tabarmar ce ta ishe ni. In akwai mai zuwa, kai ne."

"Ni in je roƙon hatsi?"

"Ban ce hatsi ba."

Tun da muka yi aure ba ta taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba. Kuma na san ta, in ta ce ba ta zuwa, ba ta zuwa, ko za mu kwana da ruwan zafi a ciki.

Na zagaya ta wajen goggo, don ina ganin in ta ba shi umarni ya aiko mini da dashe da bayani, na tsira da mutuncina. Ta tsufa, ido ya yi rauni, amma kunne da ƙwaƙwalwa garau. Sunan kakanmu aka sa mini, shi ya sa Babana take kirana. Na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi yara. Sai ta ce:

"Babana, ka zo ganin kwaɗi ne?"

Ashe ba ta manta ba.

"Haba Goggo, wancan ai zancen manya ne. Ni yaro ne a lokacin."

"Yaro ne, amma na ga haƙoranka a waje." Ta gyara zama. "Ban riƙe ku ba. Ranar na yi kuka. Mijina ya je ya dubo wurin, ya dawo ya ce in yi shiru, yayana bai san abin da ya ba ni ba. Ya ce a garinsu irin wannan ƙasar ake faɗa a kanta."

Wato tun ranar sun sani. Muna dariya, su ma suna tasu a ɗaka.

Na faɗi abin da ya kawo ni. Ta girgiza kai. Ta ce a gidan mijinta ba a aika dashen masakwa, ba a kuma sayar da shi. Mai so sai ya zo ya bi bayan mai sanda yana zuba ruwa har a gama dasa gonar, sannan a ɗebar masa nasa. Haka mijinta ya bi bayan ubansa, haka ɗanta ya bi bayan mijinta.

"Goggo, na girme shi fa."

"Na sani, ni na yi maka wankan farko. Je ka faɗa wa laka ka girme shi."

Na yi damina guda ina fatan ruwa ya yi mini adalci in huta da zuwa. Bai yi ba. Ya hau gaɓa kamar gidan ubansa, ya bar mini abin da ba zai kai mu ƙarshen sanyi ba. Ranar da na ji za su fara dashe na ɗauki bokiti na tafi.

Ya hango ni tun daga nesa. Ya cire hula ya durƙusa a cikin laka. "Jama'a ku matsa, ubangida ya zo duba bayinsa!" Sannan ya miƙo mini wani tsohon gwangwanin madara. "Ga injinka. Wannan ba ya shan mai."

Gwangwani ɗaya kowane rami, ba ƙari. Shi a gaba, ni a baya a sunkuye, fuskata daidai ɗuwawunsa. Masu wucewa a kan jinga suna tsayawa. Wani dattijon unguwarmu ya ce, "A'a! Yau kuma ɗan namiji ke bin ɗan mace?" Shi kuma ya amsa, "Ai na fanshi kaina, Baba. Wannan kuwa a ruwa na tsince shi." Aka kwashe da dariya. Na ci gaba da zuba ruwana, ban ɗago ba.

Yana caka sanda yana surutu, kuma a cikin surutun abin yake, sai dai ka tace. Ciyawa a sare ta a ƙone tun laka da danshi. Kafin a fara, a taka ƙasa da dunduniya: in ruwa ya ƙyalla a sawun, da saura, in dunduniya ta ƙi shiga, an makara. So ake ta shiga ta fito ba ta ɗauko laka ba. Ganyen dashe a rage shi, saiwa a datse, don kada rana ta sami abin sha. Biyu a rami, ko ɗaya zai ƙi. Ramin a bar shi a buɗe, laka da kanta za ta matse shi in ta bushe, kai in ka danne shaƙe shi ka yi. Inda ƙasa ta yi farin gishiri kada ka ɓata dashenka. Tsakanin wannan da wannan kuma akwai labarin Kano, da na wani Alhaji da ya ɗinka wa riga, da yadda 'yan mata suke sonsa a da. Duk abin kirkin da ke ciki a bakin ubansa ya ji shi, mutumin nan da muke yi wa dariya. Ni abin da ubana ya bar mini gaɓa ce.

Kwanaki muna yi, bayana kamar zai karye. Da aka gama nasa ya ɗebar mini dashe, ya biyo ni har gonata. Ya taka harshen lakar da dunduniya, ya taɓe baki, ya ce, "Za ta yi, ba laifi, ta talakawa." A gonata ma shi ne a gaba. Da muka gama ya nufi inda injina yake, ya kwance dogon tiyon, ya naɗe ya saɓa a kafaɗa.

"Ina za ka da shi?"

"Ajiya. Gajeren ya ishe ka tattasai. Na san ka, ubangidana, hannunka ƙaiƙayi yake. Ranar girbi ka zo ka karɓa."

Ya kai shi zaurensa ya rataye a bango, daidai inda duk mai shigowa zai gani. Duk wanda ya tambaya kuwa sai ya ba shi labarin wankan masakwa daga farko, da ƙari. Na ji an ce a bakinsa har turare na fesa mata.

Masakwar ta kwanta kamar waccan. Kullum da safe in je in tsaya a kanta. Rawaya, tsumma, ƙasa na tsagewa, ga kogi can yana wucewa a banza. In na koma gida mai ɗakina ta dubi fuskata, ba ta tambaya. Wata rana har na ciko bokiti na ɗauko, na zo bakin gonar na tsaya. Na tuna zai gane, don laka ba ta ɓoye inda aka jiƙa ta. Na juye wa tattasai. Ban taɓa yin aikin da ya gajiyar da ni kamar wannan zaman ba.

Sai wata safiya na ga tsakiyar wani dashe ya turo sabon ganye, a tsaye, kore mai duhu. Na duba na kusa da shi, haka. Na bi layin har ƙarshe, haka. Ba wanda ya ba ta komai. Na tsuguna na zura hannu cikin tsaga har wuyan hannu, na ji sanyi a can ƙasa. Na daɗe a tsugune. Na gode Allah da taubashin nawa ba ya wurin.

Da ta fitar da kai jan baki suka sauko, tsuntsayen nan masu zuwa kamar hayaƙi. Nan kam ba wanda zai koya mini komai. Na ja igiya na rataya gwangwanaye, na wuni ina kaɗawa ina ihu har muryata ta dishe. Sun ci nasu, na girbe nawa.

Ba zan yi ƙarya ba, ba ta cika rumbu ba. Harshen lakar siriri ne, kuma ba zai ƙara faɗi don ina so ba. Tasa amalanke ke ɗauka, tawa a bayan babur na kwaso ta. Amma da ita da ragowar shinkafa da abin da tattasai ya kawo, mun ga sabuwar damina, ƙwaryar mai ɗakina ba ta fita ba. Ranar da ta fara tuƙa tamu, ta ajiye kwanon ta tsaya a kaina, abin da ba ta saba ba.

"Daga ina?" na ce.

"Daga gonarka, Malam."

Mutane suna cewa in gode masa. Na gode wa Allah. Shi me ya yi? An haife shi a gidan da aka san abin, an ba uwarsa ƙasar da ta dace, ruwa ya sauya hali ya koma bayansa. Na fi shi sammako, na fi shi zufa, kowa a fadamar nan shaida ne. Yanzu har daga Miga ana zuwa a bi bayansa da gwangwani, wasu kuma su zo da mota su ɗauke shi hoto da waya, yana riƙe da sandan ubansa yana washe baki, yana ce musu ilimin kakanni. Amalankensa har yau ta ƙofata suke bi, kuma har yau ban iya ɗaga hannu in ce masa barka da arziki da zuciya ɗaya ba.

Tiyon kuwa ban je karɓa ba. Na ce ya ruɓe a can. Bayan girbi da 'yan kwanaki sai ga shi ya kawo da kansa, a naɗe, ya ɗaure wata zangarniya a jiki. Ban taɓa ganin irinta ba, ta kai girman goran ruwa, ƙwaya a matse ba inda allura za ta shiga.

"Gaisuwar bawa ce, ranka ya daɗe. Daga tsakiyar Kwarin Kwaɗi. Ka ajiye kusa da taka, ta ga yadda ake girma."

"Awakina sun gode."

Ya tafi yana dariya. Na jefa ta wajen turke. Kafin akuya ta miƙa wuya mai ɗakina ta tsince ta, ta kakkaɓe, ta shiga ɗaki ta rataye ta a jikin azara tare da waɗanda na ware don iri. Nawa a gefenta kamar 'ya'yanta.

Ban ce ta sauke ba. Da damina ta yi nisa ma, zangarniyar tasa na fara murzawa na yafa a kan yashi. Amma duk watannin da ta yi a rataye, in na shiga ɗakin nan ba na ɗaga kai.